Hanyar da Ta Shiga Ruwa

Ranar kasuwar da ta wuce ina tsaye ina jiran mai faci ya gama da tayar babur ɗina, sai wata mata ta sauke buhu kusa da ni ta kwance bakinsa. Gabu ne a ciki, irin wanda ake daka ganyen albasa a dunƙula a shanya. Ƙamshin ya taso mini tare da ɗan warin hayaƙi. Na tsaya kamar an dasa ni, har mai facin ya yi mini magana sau biyu ban ji ba. A wannan ɗan lokacin na koma ɗan shekara goma sha uku, a kan keken da ya fi ƙarfina, a wata hanya da yau ko na ce zan nuna maka ita ba lallai mu same ta ba.

Gidanmu a Yelwa babba ne, amma babu mutane. Mahaifina ya rasu ina aji uku na firamare. Inna ta gama takaba ta koma gidansu, daga baya aka ɗaura mata aure a Kontagora, ta tafi da ƙanwata tunda ita ƙarama ce, ni kuma aka bar ni wurin kakana. Mu uku muka rage: ni, da kakana wanda unguwa ke ce wa Baba Tsoho, da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. Ɗakuna huɗu a kulle suke. Idan Gwaggo na daka, sautin taɓarya yakan zagaya tsakar gida ya dawo, don babu abin da zai tare shi.

Baba Tsoho ya yi aikin ofis har ya yi ritaya. Mutum ne mai tsabta, mai ƙarancin magana, Hausarsa a tsare kamar ta masu karanta labarai. Daga hantsi zuwa azahar yana zaure da rediyonsa. Abu biyu na lura da su tun ina ƙarami. Na farko, ba ya zuwa bakin ruwa. A garin da kowa ke da abin yi a bakin ruwa, mai kifi da mai jirgi da mai wanki, shi ko wucewa ta can ba ya yi. Na biyu, da Sallah dangin kakata marigayiya sukan zo, dangin Inna ma sukan leƙo ni, amma ban taɓa ganin wanda aka ce ɗan'uwan Baba Tsoho ne ba. Na tambayi Gwaggo sau ɗaya, ta ce danginsa sun ƙare, ta ci gaba da tankaɗenta.

Keken na mahaifina ne. Shekaru ya yi jingine a ɗakinsa, tayoyin sun sace, gizo-gizo ya yi saƙa a kan sitiyari. A bazarar da na gama firamare, ina zaman jiran sakamako, Baba Tsoho ya buɗe ɗakin da kansa, ya tura keken zuwa wurin mai gyara, ya dawo da shi ya miƙa mini. Sharaɗi biyu ya kafa: kada in shiga ruwa, kada magariba ta same ni a waje.

Ban cika abokai ba. Yaran unguwarmu ƙwallo suke yi, ni kuwa ban iya ba, kuma na gaji da yadda iyayensu ke kallona da tausayi. Don haka sai na riƙa fita bayan gari. Da farko ban wuce gonakin kusa ba. Sannu a hankali na fara bin titin kudu, wanda ke zuwa wajen Ngaski, in na ga 'yar hanya ta ratse in bi ta in ga inda za ta kai ni. Wata ta kai ni rugar Fulani, wata ta kai ni wurin da matan Kambari ke tafe a jere da kaya a kafaɗa, wata ta mutu a tsakiyar gona. Zafin bazara a wajenmu ka san shi. Ƙasa takan yi fari, iska ta tsaya cik, ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar kacar keke. Ina son wannan shirun, domin ya bambanta da na gida. Shirun daji ba ya jiran kowa ya yi magana.

A irin wannan yawon na fara ganin wasu ƙauyuka masu gidaje na daban, na bulo, jere reras, rufinsu a lanƙwashe kamar an raba ganga biyu an kifa. Mutanen sun gina ɗakunan ƙasa a gefensu suna kwana ciki, na bulon kuma an zuba awaki ko an tara dawa. A makaranta an koya mana cewa an gina dam a Kainji, yana ba ƙasa wuta. Ba wanda ya ce mana akwai mutanen da aka tasa, balle a ce ga gidajen da aka ba su.

Wata rana na wuce ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka, sai na faɗa wata hanya da ba ta yi kama da sauran ba. Faɗinta ya isa mota, an yi mata ciko da jar ƙasa, har da kwalbati na dutse, ga tsofaffin mangwarori a gefe da gefe. Amma ciyawa ta cinye ta, babu sawun komai sai na shanu. Na ce lallai babban gari ne a gaba. Na yi ta tuƙi, hanyar na gangarawa, bishiyoyin suka ƙare, ƙasa ta koma busasshen laka mai tsattsagewa. Sai ga ruwa. Hanyar ba ta karkata ba, ba ta tsaya ba, miƙewa ta yi ta shige cikin tafki kamar ba ta san yana nan ba. Can ciki, kututturan matattun bishiyoyi biyu na tsaye, layi ɗaya da mangwarorin da na baro.

Na sauka na tsaya ina kallo.

"Yaro, hanya ta ƙare. Ina za ka?"

Wata tsohuwa ce, a gefen hanya, cikin 'yan fangalan albasa da ban lura da su ba. Gajera ce, baƙa, zani ɗaya a ƙirji, da ƙwarya a hannu tana watsa ruwa. Bayanta akwai bukkar zana da turmi da tukunya a kan murhu. Na gaishe ta. Hausarta a karye take, tana ce wa namiji ta, mace ya. Ta tambaye ni ɗan wane ne ni, na faɗi sunan mahaifina, ta girgiza kai. Na faɗi na kakana. Sai ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta matso, ta kama haɓata ta juya fuskata dama da hagu. Ta faɗi wata magana da wani yare, ba da ni take ba. Sannan ta ɗebo mini ruwa a randa, ta ce in sha in koma gida rana na yi.

Ban gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu na koma, na sake komawa. Ba ta taɓa cewa in zo ba, ba ta kuma taɓa korata ba. Nakan taya ta ɗebo ruwa, ita kuma ta gasa mini ƙananan kifi a garwashi. Ta ce 'ya'yanta suna ƙauyen bulo da na wuce, amma ita ba ta iya barci a can, sai ruwa ya dawo ya kore ta take hawa. Kowace shekara idan tafki ya janye sai ta biyo shi, ta kafa bukka a bakin hanyar nan.

Ita ta gaya mini inda hanyar take zuwa. Ta ce a da ba tafki ba ne, kogi ne mai gudu, kana jin ƙararsa tun daga mangwarorin can. Hanyar mashaya take kaiwa, inda ake shiga jirgi a haye zuwa gungu, wato tsibirin da aka haife ta. Su Gungawa ne. Ta nuna mini da taɓarya wani wuri a tsakiyar ruwa inda ban ga komai ba sai ƙyalli, ta ce nan garinsu yake. Akwai kasuwa, akwai maƙera, akwai rumbuna a kan duwatsu. Ta ce kakanninta sun ba ta labarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, yadda suke kwana a bakin mashayar da jakunansu suna jiran a haye da su. Ta ce albasar gungu, in an yanka ta a wannan gaɓa, sai na waccan gaɓa ya yi hawaye. Nan kaɗai na ga ta yi dariya.

A zuwana na huɗu ko na biyar, tana daka ganyen albasa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kakanka ƙanena na. Ni nig goye shi."

Ta ci gaba da daka tana ba ni labarin a gutsure, ni nake haɗawa. Cikin yaran gungu shi kaɗai aka kai makaranta a Yelwa, ya iya Hausa da Turanci. Da ma'aikata suka zo da maganar tashi, shi suka ɗauka tafinta. Shi ya riƙa tsayawa gaban dattawa yana juya musu magana. Ya ce ruwa zai zo, amma ba zai kai kan tudun da aka binne ubansu da kakanninsu ba. Ya ce gidajen da za a ba su sun fi nasu. Uwarsu ta ƙi tashi, ta ce a bar ta ta mutu inda mijinta yake, shi ya durƙusa ya lallashe ta har ta shiga jirgi. Ruwa ya zo ya shanye tudun har ƙoƙuwa. Uwar ba ta shekara a gidan bulo ba. A wurin zaman makoki, gaban jama'a, yayar ta ce masa ya sayar da su da bakinsa, kada ya ƙara kiranta 'yar'uwa. Ya tashi ya sa takalmansa ya tafi. Tun ba a haifi Gwaggo ba ake maganar.

Da zan tafi ta ƙulle mini gabu a tsumma. A kan hayaƙin bandar kifi take busar da nata, haka uwarsu ke yi. Ta ce in kai wa mai yi mana tuwo, kada in ce daga ina. Ta kuma tsokane ni irin wasan kaka da jika, ta ce maigidan nata ya cika rama, ko ba a ba shi abinci a birni.

Na ce wa Gwaggo a ƙauye aka ba ni. Ta marmasa a miyar kuka. Ni da Baba Tsoho kwano ɗaya muke ci. Ya kai loma ta farko, ya tauna, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon miyar. Sannan ya wanke hannu ya ce ya ƙoshi. Gwaggo ta yi ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa.

Da safe, muna dawowa daga masallaci, ya tsaya a ƙofar zaure bai dube ni ba ya ce, "Tana da rai ke nan."

Na ce tana da rai. Na faɗa masa komai, ina jiran faɗa. Bai yi ba. Ya zauna a kujerarsa, bai kunna rediyo ba. Can ya ce abin da aka faɗa masa shi ya faɗa, shekarunsa ba su kai talatin ba a lokacin, an shimfiɗa masa takarda an nuna masa layin da ruwa zai tsaya, ya yarda. Ya ce da ya san tudun zai nutse da ya faɗa. Sai ya ƙara da cewa ko da ya faɗa ma ruwan zai zo. Ban san ko da ni yake ba ko da kansa.

Makonni suka wuce. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, aka fara shuka. Ni ina ta kai da kawowa tsakanin tsofaffi biyu da ba wanda ya aike ni wurin ɗaya. In na dawo, Baba Tsoho yakan tambaye ni ko tayar keke lafiya, alhali na san ba keken yake tambaya ba. Ita kuma takan tambaye ni ko har yanzu yana cin barkono da yawa. Na lura tari ya kama ta, in ta ɗauki ƙwarya biyu sai ta zauna. Ta ce mini ruwa ya kusa juyowa, in ya taɓa kwalbatin ƙarshe za ta naɗe zanarta ta hau ƙauye. Ta ce bana ƙafafunta sun gaya mata wani abu, ba ta jin za ta sake gangarowa.

Wannan maganar na kai wa Baba Tsoho yadda ta faɗe ta. Ranar Asabar da sassafe na fito na same shi ya naɗe ƙafar wandonsa, yana riƙe da keken. Ya ce in hau baya.

Ban taɓa riƙe kakana ba sai ranar. Bayansa duk ƙashi ne, rigarsa na ƙamshin sabulu. Ina nuna masa hanya har muka wuce ƙauyen bulo, inda mutane suka bi mu da kallo, wani dattijo ya miƙe tsaye daga kan tabarmarsa. Da muka shiga tsakanin mangwarori na ce masa a miƙe ne. Ya ce ya sani, yana cikin ɗaliban da suka shuka su.

Tun daga nesa ya sauka, ya ba ni keken, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Tana bakin bukka tana gyaran kifi. Ta gan shi, ba ta fasa ba. Ya je ya durƙusa gabanta, tsoho mai furfura, gwiwa biyu a cikin laka. Ta gama kifin da ke hannunta, ta ɗauki wani ta gama. Ni dai ina tsaye riƙe da keken. Sai ta faɗi kalma ɗaya, gajera. Daga baya na gane sunansa ne na yarinta, wanda ban taɓa ji ba. Ya amsa. Ta tura masa turmi da ƙafa, ya kwantar da shi ya zauna a kai.

Daga hantsi har la'asar suna magana da Gunganci, suna fuskantar ruwa, ba sa kallon juna. Muryar Baba Tsoho ta canza, ta yi sama, ta yi sauri, kamar ta wani mutum da ban sani ba. Wani lokaci su yi gardama, ta buge masa hannu, ta nuna wani wuri a ruwa, shi ya nuna wani. Sau ɗaya ya yi dariya har da tari. Na zauna a inuwar bukka ina jin kowace kalma, ban fahimci ko ɗaya ba. A ranar da na sami dangi, a ranar na fi jin ni kaɗai ne.

A hanyar dawowa ƙafarsa ta gaji, muka sauka muna tura keken. Na tambaye shi me suka yi ta faɗa. Ya ce gidajen gungu suke bi ɗaya bayan ɗaya, tun daga mashaya suna hawa, gidan wa ke bin na wa, wa ya auri wa, wace bishiya ce a ƙofar wane. In ya manta ta tuna masa, in ta manta ya tuna mata. Na ce to ta yafe masa?

Ya ce, "Ba mu kai nan ba. A gidan maƙeri muka tsaya, namu yana can kan tudu. Ta ce in dawo mu ƙarasa."

Damina ta yi ƙarfi a makon. Rafin da ke tsakanin titi da ƙauyen ya cika, ba a ƙetarewa da keke. Sakamakona ya fito, aka kai ni makarantar kwana. Da na dawo hutu, kwana biyu da zuwana, wata mai sayar da bandar kifi ta yi sallama a ƙofar gidanmu ta ce an aiko ta. Tsohuwa ta rasu tun makon jiya, an binne ta a ƙauyen bulo.

Baba Tsoho ya sa na shimfiɗa tabarmi a zaure, ya zauna karɓar gaisuwa kwana uku. Ba wanda ya zo, domin a Yelwa ba wanda ya san yana da yaya. Maƙwabta biyu da suka leƙo sun ɗauka baƙi muke jira. Ni da shi muka zauna, Gwaggo na kuka a ciki, kukan gwaggon da ba ta taɓa gani ba.

Ya rayu shekara shida bayan haka. Ina da damar in ɗauki biro da littafi in zauna gabansa in ce ya fara daga mashaya. Ban yi ba. Ina ganin kamar tsofaffi za su jira ni in gama jarrabawa.

Yanzu ni ma furfura ta fara. Ƙauyukan bulo sun cika da rufin kwano da farantan sola, jiragen inji sun maye gurbin masu filafili, kuma ba uban da zai ba yaro keke ya ce ya shiga daji shi kaɗai, kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Bara na yi ƙarfin hali na je da babur. An sare mangwarorin an yi gawayi, an nome hanyar, kwalbati ɗaya na gane. Na tambayi wasu matasa masu gyaran koma ko sun san akwai gari a ƙarƙashin inda suke kamun kifi. Ɗaya ya ce ya dai san wurin yana cin koma, suna kauce masa.

Kwanan baya 'yata ta fari tana cike takardar shiga jami'a a waya, ta zo wurin da ake rubuta ƙabila, ta ce, "Baba, Hausa zan sa ko?" Na ce ta dakata. Na zaunar da ita na ba ta wannan labarin, kusan yadda na ba ka shi. Ta saurara har ƙarshe, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce in faɗa mata wani abu da yaren, ko gaisuwa ce, ta ji yadda yake.

Na buɗe baki, na rufe. Ta jira ni har fuskar wayar ta mutu a hannunta.